Yadda Za a Sa wa Ƙugiya Man Ƙamshi Ba Tare da Ɓarna Ba

Cikin watan Janairu aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Anguwan Rukuba, cikin Jos. Ran wata Asabar da sassafe na bi waɗansu 'yan ajina uku zuwa wani tsohon ramin kuza a bayan gari, don in ga yadda su ke kamun kifi da fatsa. Na tafi da 'yar kwalba wadda na cika da manja haɗe da man da ya rage cikin gwangwanin sadin, gama na ji an ce tarwaɗa ba ta wuce shi. Da na duba kwalbar da asuba man ya daskare kamar dutse saboda sanyin hunturu, don haka ban damu da murfi ba, na toshe bakin da 'yar takarda, na jefa cikin jakata.

Kafin azahar rana ta buɗe. Da na sa hannu cikin jaka in ɗauko ƙugiya, sai na ji damshi. Ashe man ya narke ya tsiyaye duka bisa littafin shirin darasina, aikin mako uku, ga shi kuwa ran Litinin malaminmu mai duba aiki zai zo. Daren Lahadi ban runtsa ba, sai kwafe darasi. Rigata fara kuma har yau da tabonta, yara suka yi ta kirana Malam Sadin har na bar makarantar. Kifi kuwa ko ɗaya ban kama ba.

Abin da ya same ni ya kan sami yaranmu ko wane mako, sai dai su iyayensu mata ne ke biyan kuɗin sabulu, wani lokaci har da na sabuwar rigar makaranta. Wannan ya sa na bi diddigin al'amarin wajen masunta da cikin littattafai. Abin da na samo shi ne, yawancin man da ke ɓata mana hannu da tufafi ba ya kai wa hancin kifi ko kaɗan. Wanda ya ɗaure man cikin wani abu mai ƙarfi, ya kuma rage yawansa, zai tsira da rigarsa, ya kuma fi samun kifi.

Ruwan da mu ke kamun kifi a ciki

Baƙo ya kan yi mamakin jin ana su a Jos, garin da ke bisa tudu wajen mita 1,200 sama da teku, ba shi da babban kogi sai Dilimi da 'yan rafuka. Asalin abin kuza ce. A 1903 wani Bature mai suna Laws ya hau Filato neman kuza a madadin Kamfanin Neja, daga baya ya kafa zango a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta haƙa shekara da shekaru a Bukuru, da Rayfield, da Barikin Ladi, da sauran wurare, har kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985. Manyan kamfanoni suka watse suka bar ɗaruruwan ramuka, ruwan sama ya cika su, suka zama tafkuna. Ban da su akwai madatsun ruwa irin ta Lamingo, gabas da Anguwan Rukuba wajen duwatsun Shere, inda a ke ɗebo ruwan sha na gari.

Kifin da a ke samu cikin waɗannan ruwaye yawanci tarwaɗa ce da karfasa. A waɗansu akwai kifin nan na Turai da a ke kira kaf, wanda aka kawo gonar kifi ta Panyam, ta ƙasar Mangu, cikin shekarun 1950. Ruwan ramin kuza a tsaye ya ke, da zurfi, da sanyi, sau da yawa kuma da damina ya kan gurɓace da jar ƙasa. A irin wannan ruwa ido ba ya yi wa kifi amfani sosai, sai hanci da ɗanɗano. Dalili ke nan da ya sa masu fatsa ke neman abin da zai yi ƙamshi.

Abin da a ke nufi da man ƙamshi

Abincin ƙugiya iri biyu ne. Akwai na gaskiya, kamar tana, da fara, da gara, da hanjin kaza, da curin tuwo. Akwai kuma na yaudara, wanda a ke yi da roba ko itace ko ƙarfe a siffar ɗan kifi ko tsutsa. Na yaudara ya fi yawa a Amurka da Ingila, amma yanzu ya kan shigo ƙasarmu cikin kayan gwanjo da kantunan manyan birane. Da ya ke roba ba ta da ɗanɗanon abinci, kifi ya kan kama ya tofar nan da nan. Saboda haka a kan shafa mata mai mai ƙarfin wari, don kifin ya ƙara riƙewa har mai fatsa ya sami damar fizga. A can su kan sayi man kifi ko man tafarnuwa cikin 'yan kwalabe. Mu nan manja mu ke sa wa, ko man gyaɗa, ko man sadin, kuma har bisa tana da tuwo mu ke zuba shi.

Yadda kifi ke jin ƙamshi

Mu mutane abin da ya tashi cikin iska shi mu ke sansana. Kifi kuwa sai abin da ya narke cikin ruwa. Yana da kafofin hanci gaban idanunsa, amma ba da su ya ke numfashi ba. Ruwa ke shiga ta kafa ɗaya, ya bi ta kan wata fata mai laushi mai ninki ninki, ya fita ta ɗayar. Wannan fata ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa abin da ke cikin ruwan.

A 1910 wani masani na Jami'ar Harvard a Amurka, George Parker, ya gwada wannan da wata irin tarwaɗa ta ƙasarsu. Ya rataya ƙullin ƙyalle biyu cikin ruwa, ɗaya da yankakkiyar tana a ciki, ɗaya ba kome. Kifayen suka yi ta kai wa mai tanar cafka, suka ƙyale ɗayan, ko da ya ke a ido ba su da bambanci. Waɗanda aka yanke wa jijiyar hanci kuwa suka kasa rarrabewa.

Tarwaɗa tana da wata baiwa kuma. Gashin bakinta guda takwas, da ma fatar jikinta duka, cike su ke da 'yan ƙwayoyin ɗanɗano irin waɗanda ke bisa harshenmu. A 1971 wani masani mai suna Atema ya lissafa fiye da 175,000 a jikin wata 'yar tarwaɗar Amurka guda ɗaya. Watau tarwaɗa kamar harshe ce mai iyo. Abin da ta fi ji kuwa shi ne waɗansu sinadarai da a ke kira amino asid, waɗanda ke fita daga nama, da jini, da tana, da duk wani abinci mai gina jiki in ya fara ruɓewa. Waɗannan suna narkewa cikin ruwa kamar gishiri, su bazu ko'ina har ƙasa.

To, mai fa? Kowa ya san mai da ruwa ba sa haɗuwa. Mai ya fi ruwa rashin nauyi da misalin kashi ɗaya cikin goma, don haka da ƙugiya ta faɗa ruwa, man da ke jikinta sai ya saki ya taso sama. Can sama kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Benjamin Franklin na Amurka ya ba da labari a wata wasiƙa da aka buga a 1774, cewa ya zuba mai cokalin shayi ɗaya bisa wani tafki a Clapham, kusa da Landan, ya bazu har ya rufe wajen rabin eka. Ku duba fa, tarwaɗa tana can ƙasa cikin taɓo, mai yana can sama yana yawo. Na tuna ran nan na ga ruwa na ƙyalli kewaye da zarena, na yi ta murna ina cewa ƙamshi ya kama, ashe dukiyata ce ke tafiya banza.

Wannan bai nuna mai ba shi da amfani sam ba. Ɗan abin da ya manne a jikin roba ya kan ba ta santsi da ɗanɗano a bakin kifi. Man sadin kuma yana ɗauke da 'yan ɓarɓashin nama da romo, su ne ainihin abin da kifi ke bi. Mai cikin curi ya kan hana ruwa cinye curin da wuri. Sa'an nan ya kan rufe warin hannu, wanda shi ma abin lura ne: a 1954 masana biyu a Kanada, Brett da MacKinnon, sun ga kifin samon mai hawan kogi yana ja da baya in aka zuba ruwan da mutum ya wanke hannu a ciki. Amma duk waɗannan ayyuka ɗigo biyu ko uku ya ishe su. Saura duk na riga ne da jaka.

Abin da ke sa kwalba yoyo a Jos

Akwai abu biyu da suka sa wahalar ta fi yawa a garinmu. Na fari shi ne bambancin sanyin safe da zafin rana. Manja ba ya narkewa sarai sai zafi ya kai wajen digiri 35, a daren hunturu kuwa sanyin Jos ya kan sauko kusa da digiri 10. Mai da ya kwana a daskare ya kan ruɗi mutum ya yi sakaci da murfi, kamar yadda ya ruɗe ni. Zafin jiki kaɗai, in kwalba na cikin aljihu, ya isa ya narkar da shi. Haka kuma cikin ruwa mai sanyi manja ya kan daskare bisa ƙugiya ya rufe tana ruf, ya hana ɗan ƙamshin da ta ke da shi fita. Mutum ya yi asara biyu ke nan.

Na biyu shi ne tsayin ƙasa. Iska a bisa Filato ba ta da nauyi kamar ta bakin teku. In an rufe kwalba a Legas aka hau da ita Jos, iskar da ke ciki tana neman ƙaruwa da misalin kashi ɗaya cikin bakwai. In kwalbar na kwance, iskar nan sai ta tura man ta gefen murfi. Haka zafin rana ke yi wa kwalbar da aka bari rabi mai rabi iska. Don haka kwalbar mai a tsaye a ke ajiye ta, cikin inuwa, a kuma buɗe ta a hankali.

Dabara ta fari: curin ƙuli-ƙuli

Wannan na koya wajen wani dattijo masunci, mutumin Yawuri, mai sayar da busasshen kifi kusa da gidan da na sauka. Da na ba shi labarin littafina ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ɗana, kai da ke koya wa yara ilmi, ba ka san ƙuli-ƙuli da mansa a ke sayar da shi ba?" Na ce, "Baba, ai ban taɓa tunani ba." Ya ce in zauna in gani.

Gaskiyarsa kuwa. Ƙuli-ƙuli tunkuzar gyaɗa ce da aka matse aka soya, da sauran mai a cikinta, amma ba ya tsiyaya. Ga yadda ya haɗa, da ƙaramin gwangwanin tumatir ya ke awo:

Ƙuli-ƙuli dakakke, gwangwani 2.
Garin busasshen kifi, ko da kai da ƙaya ne, gwangwani 1.
Daddawa dakakkiya, ƙwaya 1.
Tuwon masara ko na dawa mai sanyi, gwangwani 2.
Auduga kaɗan, a tsattsage ta siri siri.

A cuɗa duka da hannu har ya yi danƙo, a yi 'yan curi kamar ƙwayar gurjiya, a shanya a inuwa su ɗan sha iska. Audugar ita ke riƙe curin bisa ƙugiya kada ya faɗi wajen jifa. Garin kifi da daddawa su ne masu kiran kifi, gama daddawa kalwa ce da aka bari ta ruɓa, cike ta ke da amino asid ɗin nan da na ambata. In ana son man sadin, a sa cokalin shayi ɗaya tun wajen cuɗawa, gari ya shanye shi. A zuba curin cikin gwangwani mai murfi. Ko gwangwanin ya kife cikin jaka, ba abin da zai zuba. Dattijon ya ce haka masuntan Kainji ke sa dafaffiyar dusa cikin gura, ba wanda ke bin ta da kwalbar mai.

Dabara ta biyu: a daskarar da mai da kakin zuma

Wannan ta fi dacewa da abincin yaudara na roba ko na ƙarfe, wanda ba a iya cuɗa shi da gari. A sami kakin zuma wajen masu sayar da zuma. Awo ɗaya na kaki, awo huɗu na mai. A sa su cikin gwangwani mai tsabta, a tsayar da gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kada a ɗora shi bisa wuta kai tsaye, don kaki na kamawa da wuta. Kaki ya kan narke da zafi ya kai wajen digiri 63. In ya narke a sauke, a zuba garin busasshen kifi mai laushi cokali ɗaya ko biyu, a yi ta juyawa har ya fara kauri, don kada garin ya kwanta ƙasa. Sa'an nan a juye cikin ɗan gwangwani mai faɗin baki.

Abin da za a samu kamar man shafawa ya ke. Zafin rana na Jos ba ya narkar da shi, balle zafin aljihu. Ba a sa yatsa a ciki. A ɗiba da tsinke ko gashin kaza a shafa siriri, ko kuwa a goga robar a kansa sau ɗaya. In ya yi tauri da hunturu a ƙara mai, in ya yi laushi da bazara a ƙara kaki. A tuna dai, kaki ba ya narkewa cikin ruwa, aikinsa riƙe garin kifin ne a jikin roba. In an lafta da yawa sai ya binne garin.

Dabara ta uku: ƙaro

Wannan ita ta fi ba ni sha'awa, don ita kaɗai ke sa mai ya shiga ruwa. Ƙaron nan na dakwara da a ke kawowa daga Borno da Yobe da Jigawa, wanda malaman allo ke sa wa cikin tawada, yana da wani hali: ya kan farfasa mai ya zama ɗigo ƙanana ƙwarai, ya lulluɓe ko wane ɗigo ya hana su sake haɗuwa. Masu haɗa magani sun daɗe suna amfani da shi wajen dama man hantar kifi da ruwa, kuma awonsu sananne ne: mai awo 4, ruwa awo 2, garin ƙaro awo 1.

A daka ƙaro ya yi laushi, a tankaɗe. A sa shi cikin busasshen ƙaramin turmi ko kwano, a zuba man a kai, a gauraya. Sa'an nan a zuba ruwan gaba ɗaya, a yi ta juyawa da sauri ta fuska ɗaya, har ya yi fari ya yi kauri kamar kindirmo. Man sadin ko man gyaɗa ya fi kyau a nan, don manja na daskarewa. In maimakon ruwa zalla aka sa ruwan da aka jiƙa garin kifi a ciki aka tace, ya fi ƙarfi. Wanda ba shi da ƙaro ya gwada gwaiduwar ƙwai, ita ma tana yin wannan aiki.

In aka ɗiga wannan cikin tambulan na ruwa, sai a ga ya bazu kamar madara, bai taso sama ba. Haka zai yi a ƙasan tafki kewaye da ƙugiya. A hannu kuma ruwa ya kan ɗauke mafi yawansa nan take. Aibinsa ɗaya ne, ba ya daɗewa, cikin kwana biyu ko uku ya kan lalace. A haɗa na yini ɗaya kawai.

Dabara ta huɗu: kayan zubi da kayan shafi

In dai tilas sai an tafi da mai mai ruwa, to, a rabu da kwalba mai faɗin baki. A sami 'yar robar maganin ɗigo wadda ta ƙare, a wanke ta sarai da sabulu da ruwan zafi, ta bushe, a cika ta kusa da baki don kada iska ta yi yawa ciki. A sa ta cikin gwangwani, a kewaye ta da dusa ko garin katako. In ta yi yoyo dusar za ta shanye, dusar kuma ta zama abin watsa wa kifi.

A ɗaura ɗan guntun auduga ko soso kamar ƙwayar wake a wuyan ƙugiya, a ɗiga ɗigo biyu a kansa. Soso ya kan riƙe man ya saki sannu sannu, ba sai an sake sa wa a ko wane jifa ba. Wata hanya kuma, a yi aikin man tun a gida: a sa abincin roba cikin 'yar leda da ɗigo kaɗan da dare, a ƙulle, da safe a share bayansa da takarda. Amma kada roba mai taushi ta yi makonni cikin mai, ta kan taurare. Kamfanonin Amurka ma nan suka nufa. Berkley, alal misali, suna cuɗa ƙamshin cikin jikin robar tun a masana'anta, daga baya kuma suka fito da irin da ruwa ne tushensa.

Daga bisani ga wata doka da ba ta bukatar ko kwabo: jakar littattafai daban, jakar fatsa daban. Da na bi ta da ban kwana ina kwafe darasi ba.

In ɓarna ta riga ta auku

Kada a sa wa tabon mai ruwa da fari, kada kuma a goge, gogewa na tura shi cikin zare. A barbaɗa garin alli ko sitaci ko farar toka a kai, a bar shi ya yi sa'a guda ya tsotse man, a karkaɗe, a sake. Sa'an nan a shafa sabulu bisa busasshen tabon, a wanke da ruwan ɗumi. Jan manja da ya rage rana ce maganinsa, a shanya rigar a fili, launin ya kan koɗe. Kada a yi guga sai tabo ya fita. Takarda kuwa a sa garin alli sama da ƙasa, a danne da littafi mai nauyi ta kwana. Ƙarnin kifi a hannu lemun tsami ke kashe shi, don tsamin na kama sinadarin da ke tashi da warin. Kafin a taɓa ƙugiya kuma a cuɗa hannu da taɓon bakin ruwa, musamman in an taɓa kananzir, ko taba, ko maganin sauro.

Ruwan ba namu kaɗai ba ne

Akwai abin da ya fi riga muhimmanci. Da ruwan ramukan nan a ke ban ruwan dankali da kabeji da tumatir da rani, shanu na sha, waɗansu gidaje ma da shi su ke wanka da wanki. Mai cokali ɗaya mun ga faɗin da ya ke rufewa. Waɗansu samari su kan sa bakin mai ko kananzir wai don wari, wannan kuwa guba ce ga kifi da mai cinsa. Mafi muni shi ne masu zuba maganin ƙwari irin Gamalin don kifi ya taso. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamu da guba, da nakiya, da lantarki. Madatsar ruwan sha kuwa ba a jefa kome ciki, ba a ma zuwa da fatsa sai da iznin masu tsaronta. A gargaɗi yara kuma, bakin ramin kuza a miƙe ya ke kamar rijiya, ƙasarsa na zaftarewa, an yi asarar rayuka da yawa cikinsu. Kada yaro ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya shiga ruwa bin ƙugiyar da ta maƙale.

Darasi ga aji

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana duka darasin Nazarin Halitta ce da ba ta bukatar kayan kanti. A kawo tambulan uku na ruwa. A ɗiga man gyaɗa a na fari, a sa ruwan daddawa a na biyu, a sa haɗin ƙaro a na uku, yara su faɗi abin da suka gani da bakinsu. Kashegari a sami 'yar tarwaɗa mai rai cikin baho, wadda ta kwana ba ta ci ba, a maimaita gwajin Parker da ƙulli biyu, ɗaya da tana, ɗaya da tsakuwa. A rufe bahon da tabarma a bar 'yar kafa ta leƙe, gama tarwaɗa ta fi sakewa cikin duhu. Yara su ƙidaya sau nawa ta taɓa ko wane ƙulli cikin minti 15, su rubuta bisa allo. Ga lissafi ya shigo ke nan. In an gama a ƙara ƙulli na uku wanda aka jiƙa da manja kaɗai, a bar su su yanke hukunci da kansu.

Na yi wannan da 'yan aji biyar a makon ƙarshe na gwajina. Yaron da ya fi kowa kirana Malam Sadin shi ya riƙe agogo. Asabar ɗin da ta biyo muka koma ramin nan da gwangwanin curi, muka komo da tarwaɗa huɗu, uwar ɗakin da na sauka ta yi mana miya. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin dabarun nan lokacin hutu, ko ya san wata ta garinsu da ta fi su, ya rubuto wa Edita don mu ƙaru.